Katin Abe Rosdi da Ambaliyar Kelantan

Yayana Rosdi, wanda muke kira Abe kamar yadda ake kiran babban wa a jiharmu ta Kelantan, kiwon kaji ne ya kai shi ƙasa. Ya ci bashin banki ya gina rumfuna a bayan gidanmu na gado kusa da garin Pasir Mas, sai annoba ta shiga ta share kajin cikin mako guda. Ya yi ta cike gurbi da katunan bashi guda biyu, yana karɓa daga wannan yana toshe wancan, har abin ya fi ƙarfinsa. Shekaru ya ɗauka yana tuƙa motar kayan wani, rabin albashinsa yana tafiya wajen biya. Ranar da ya gama, matarsa Zaharah, wadda muke kira Kak Zaharah, wato Yaya Zaharah, ta dafa shinkafa da miyar kifi ta raba wa maƙwabta.

Mun ɗauka shi ke nan. Ashe da sauran aiki. Da ya je neman rancen sayen ƙaramar motar kaya tasa ta kansa, bankuna uku suka juya masa baya, domin sunansa ya riga ya ɓaci a wurinsu. A na ƙarshen ne wata ma'aikaciya ta tausaya masa, ta ce akwai hanya. Ya ajiye kuɗinsa a matsayin jingina, su ba shi katin bashi daidai da abin da ya ajiye. In ya riƙa amfani da shi kaɗan-kaɗan yana biya kafin wa'adi, a hankali za a sake yarda da shi.

Ringgit dubu uku, kuɗin ƙasarmu, ya tara ya ajiye. Da ya kawo katin gida, Kak Zaharah ta ƙi ko taɓa shi.

Ta ce, "Abe, macijin da ya sare mu shi ka sake ɗaukowa?"

Ya ce, "Wannan an cire masa dafi."

"To ni dai kar ka ajiye min shi a ɗaki."

Ni kuwa dariya nake masa. Na ce, "Wato kuɗinka ne za su ranta maka, kai kuma ka yi musu godiya? Abe, ba ni kuɗin mana, ni ma zan iya wannan aikin."

Ya ce, "Ke Rohaya, ke da kika ci min kuɗin asusu tun kina firamare? Allah ya kiyaye."

Man babur kawai yake saya da shi. Duk ranar da albashi ya shigo, kafin ya sayi ko sukari sai ya biya. Bikin 'yarsa ya zo, dangi suka yi ta zuga shi ya goga katin a yi rumfa mai kyau a yanka saniya, ya ce sam. Kaji aka yanka, wasu suka yi ta gunaguni. Haka ya yi shekara ɗaya da rabi, har abokansa direbobi suka sa masa suna Alhaji Lita Biyar.

Sai ruwan ƙarshen shekara ya zo.

Mu ba baƙin ambaliya ba ne. Kowace damina kogi yakan shigo ya gaishe mu ya koma, shi ya sa gidajenmu suke kan ginshiƙai. Amma na wannan shekarar ban taɓa ganin irinsa ba, tsofaffi ma sun ce ba su taɓa gani ba. Da safe ruwa yana gwiwa, kafin azahar ya shanye matattakalar gidanmu. Da aka kai mu makarantar kan tudu, na tsaya a bene na duba, sai na rasa inda garinmu yake. Ruwa ne ja kamar shayi da madara, daga nan har inda ido ya ƙare. Kawunan bishiyoyin kwakwa kawai ake gani, da ƙubbar masallaci. Na ga saniya a tsaye kan rufin kwano, na ga firij yana tafiya a hankali ƙofarsa a buɗe. Babu wanda yake magana a benen nan sai masu salati.

Kwalekwale masu inji guda shida muke da su a yankin, su ne suke kwaso mutane daga kan rufi. Washegari da hantsi man su ya ƙare, alhali ƙauyukan bakin kogi biyu ba a kai gare su ba. Jiragen hukuma suna can suna fama da wasu wuraren. Gidan mai ɗaya ne ya tsira, na Tauke Ong, wani dattijo ɗan asalin Sin da aka haifa a garinmu, saboda yana kan tudu kuma yana da janareta.

Na bi Abe da masu kwalekwalen zuwa can don in taya ɗaukar jarkoki. Tauke Ong ya riga ya ba da ganga guda kyauta tun jiya, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan, domin shi ma man ba nasa ba ne, sai ya biya kamfani. Mutane suka laluba aljihu, babu komai. Kowa ya fito ne da rigar jikinsa, na'urorin cire kuɗi kuwa duk suna ƙarƙashin ruwa. Tok Deraman, limaminmu, ya ce a rubuta bashi da sunan masallaci.

Tauke ya ce, "Tok, wallahi ba ƙi nake ba. In ban tura musu kuɗi ba, ba za su aiko min da tanka ba, gobe kowa ya rasa." Sai ya nuna ƙaramin injin goga kati da ke kan teburinsa. "Wannan dai yana aiki. In da mai kati."

Na kalli Abe, na ga hannunsa yana kan aljihun rigarsa. Na san abin da yake tunani, domin ni ma shi nake tunani. Gidansa yana cikin ruwa, motar da yake tuƙawa ma haka, babu albashi a wata mai zuwa. In wa'adi ya wuce bai biya ba, wahalar shekara ɗaya da rabi ta tashi a banza.

Na matsa kusa na ce a hankali, "Abe, ka yi tunani."

Ya ce, "Na yi. Mak Cik Limah, tsohuwar nan ta bakin kogi, tana kan rufi da jikokinta."

Ya zaro katin daga cikin ledar da ya naɗe shi, ya miƙa. Tauke ya tambaye shi na nawa.

"Duk abin da zai ɗauka."

Ya danna lambobin. Mutumin da ya hana 'yarsa saniya ranar aurenta, ga shi ya zubar da komai cikin jarkoki a tsaye guda. Wani direba ya ce, "Kai, Alhaji Lita Biyar, yau kuma tanka ka saya?" Aka yi dariya, amma na ga mai maganar yana share ido.

Man nan ya kai kwalekwalen kwana biyu. Sun kwaso tsofaffi da jarirai da wata mai naƙuda, wadda ta haihu a ajin 'yan firamare bayan isowarta da kaɗan. Mak Cik Limah ta sauko tana rungume da kyanwarta, tana zagin matuƙin wai ya jiƙa mata zane.

Labarin abin da ya yi ya kai kunnen Kak Zaharah. Ta zuba masa shinkafa, ta zauna tana kallonsa yana ci. Can ta ce, "Da ka ƙi, da ban san da wane ido zan kalle ka ba. Amma ka sani, awarwarona na zinariya ba na sayarwa ba ne." Ya ce ya ji.

Ruwa ya janye ya bar mana laka har ƙugu. Abe bai tambayi kowa sisi ba, ya hana ni ma in yi magana. Tok Deraman ne ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da ya faru a gidan mai, Abe ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata.

Tun daga yammacin ranar aka fara zuwa. Mutanen da ba su da ko katifa suka riƙa tono gwangwanaye da ƙasan akwatuna daga cikin laka, suna kawo abin da suka samu. Kuɗin duk a jiƙe suke, sun manne da juna, suna warin kogi. Muka ɗaura igiyar shanya a barandar makaranta, muka wanke su ɗaya bayan ɗaya muka maƙale. Na tsaya ina kallon igiyar nan, takardun ringgit ja da kore da shuɗi suna kaɗawa a iska daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Na san gidan da kowace takarda ta fito, na kuma san abin da ya rage a gidan. Tauke Ong ya aiko da ambulan, nasa a bushe. Duk da haka kuɗin bai cika ba, Abe ya sayar da babur ɗinsa ya cike.

Ya hau bayan motar agaji zuwa Kota Bharu, babban birnin jiharmu, ya biya ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ya ce mai karɓar kuɗin ta shinshina takardun, ta dube shi, ta tambaye shi daga wane gari yake. Da ya faɗa mata, sai ta karɓa ta ƙirga.

Bayan shekara guda banki ya mayar masa da ajiyarsa, ya bar masa katin ba tare da jingina ba. Watanni kaɗan bayan haka aka amince masa da rancen mota. Tsohuwa ce, fara, ƙofar hagu ba ta rufuwa sai an daka mata kafaɗa. Ranar da ya kawo ta, yaran unguwa suka cika bayanta, ya zaga da su gari sau biyu yana danna hon, Kak Zaharah tana gaba tana riƙe da ƙofar da hannu biyu tana yi masa faɗa ya rage gudu.