Kwale-kwalen da ba na sayarwa ba

Ni na matsa wa Baba sai da ya biyo ni garin nan na bakin tafki, kuma tun daga tasha yake nuna mini bai yafe ba. Tun rasuwar Inna ya ajiye gizago da wuƙar sassaƙa, ya koma kujerar tsakar gida kamar an dasa shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sassaƙa 'yan kwale-kwale na ado, dillali na zuwa yana kwasa a buhu, yau ko muciya ta karye sai ya ce a sayo wata. Gaskiya tsoro nake ji. Na ga yadda zaman banza ke cinye tsoho, ba na so ya cinye mini nawa.

Titi ɗaya ne da garin, ya gangara daga tasha har ruwa, shaguna hagu da dama. Baƙo ba ya ɓata a nan, sai dai aljihunsa ya rame. Muka fara da mai malafuna. Na zaɓi wata mai faɗi na kifa masa.

"Auta, cire mini faifan nan daga kai," in ji shi.

A wajen mai busasshen kifi aka ba shi ɗanɗano. Ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya kusa cinye rabin kifi, sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Don kunya na sayi ƙulli guda. Gaba kaɗan akwai mai riguna masu hoton tafkin a ƙirji. Baba ya dubi rigar, ya dubi ruwan da ke sheƙi a ƙarshen titi, ya ce ga na gaske can kyauta. Mai shagon ya yi yaƙe, ni kuma na ja hannun ubana kafin a rakiyo mu da baki.

Kusan kowane shago da kwale-kwalen ado, amma duk na roba, ja da shuɗi, sai ƙyalli. Baba bai ko tsaya ba. Cewa kawai ya yi, "Kin gani ko? Duniya ta wuce mu." Raina ya ɓaci, har na fara lissafin motar komawa.

Shagon ƙarshe yana dab da ruwa, na wata mata mai jiki da tabarau a kan hanci. Kofuna, sarƙoƙin ƙwarya, sabulu, man sauro, babu abin da babu. Can saman kanta kuwa, shi kaɗai, wani ɗan kwale-kwalen itace ne da ya yi duhu don tsufa. Ko a mafarki na san hannun da ya yi shi, a cikin ɓarɓashin sassaƙar irinsa na yi rarrafe. Na buɗe baki, Baba ya taka mini ƙafa.

"Baiwar Allah, sauko mini da wancan."

Ta sauko da shi da hannu biyu. "Kakana ne ya sassaƙa, Baba. Tsohon masunci ne, da itacen jirginsa ya yi shi."

"Allah sarki," in ji Baba, fuska a ɗaure. "Kakan naki kuwa ya iya. Nawa?"

"Ba na sayarwa ba ne."

Ya taya, ta ƙi. Ya ƙara, ta ce albarka. Abin da ban gani ba tun bara na gani: Baba ya gyara tsayuwa, ido ya buɗe, yana ciniki da zafinsa a kan kayansa. Da ta ga ba zai haƙura ba, sai ta leƙa waje ta rage murya.

"Kai babba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Zancen kaka na baƙi ne. Kakana tela ne, ko ƙafa ba ya sawa a tafkin nan. Wani bawan Allah ne a birni yake yin su. Da su muka ciyar da 'ya'ya a titin nan. Wanda aka saya wa yana yaro, shi ke dawowa yau yana nema wa ɗansa, mu miƙa masa na roba ya ajiye ya fita. To dillali ya ce mai yi ya mutu. Wannan ne ya rage mini."

"Ya mutu?"

"Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji Baba a hankali. Ni dai na kasa cewa amin.

"Aibinsa ɗaya," ta ci gaba, tana goge shi da gefen mayafi, "marigayin bai taɓa ganin kwale-kwale da idonsa ba. Masunta dariya suke yi. Wai dubi ƙasansa, in da na gaske ne, kafin ka ce bismillah ya kife da kai."

Baba ya karɓa ya juya shi, ya daɗe yana shafa ƙasan da babban yatsa. Ya mayar mata, ya yi godiya, ya fita bai jira ni ba.

A bakin ruwa na cim masa, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye kan wani masunci da ke kwashe ruwa daga jirginsa.

"Baba, ba za ka gaya mata ba?"

"In ce mata me? Mamaci ba ya gardama." Ya share ido da bayan hannu, ya ce iska ce. Sannan ya juya wajen masuncin. "Ɗana, don Allah kama mu kife jirgin nan in ga ƙasansa. Ban shirya mutuwa ana yi mini dariya ba."