Ɗanyen Yaɓe a Zauren Mai Gari

Na Allah ya dumbuzo laka, amma hannunsa ya ƙi kaiwa bango.

"Rana tana yi fa," in ji Mai gari Lawali daga bayansa. "Yaɓe shi mu huta."

Shi Na Allah ne ya zane fuskar zauren nan da jar ƙasa da shuni, shekarar da gero ya fi ƙarfin rumbuna. Ba mutum ba dabba a ciki. Ɗigo ɗaya ne a tsakiya, layuka suka fito daga cikinsa, suka karya kusurwa, suka sarƙe, suka koma inda suka fito. In an tambaye shi ma'anarsa sai ya ce ai tafiyar bawa ce zuwa ga Ubangijinsa. Fatake daga Tasawa har tsayawa suke yi kallo.

To, bana ruwa ya ɗauke gero bai kai gwiwa ba, gari ya koma cin 'ya'yan anza masu ɗaci, waɗanda ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwanaki a ruwa. Da aka ji soja na zagayawa da dawar agaji, dattawa suka ce wa zai tausaya wa garin da zaurensa ya fi na attajirin birni kyau? Gara a yaɓe zanen.

"Ranka ya daɗe, ko da tabarmi mu rufe shi?" in ji Na Allah.

"Soja ne fa, ɗagawa za su yi. Haba Na Allah! Bango ka fi so ko ɗiyanka?"

Sai ya yaɓa. Laka ta ƙare, matarsa Zara'u ta kawo tulu ta juye masa, ya sake kwaɓawa. Da ya zo kan ɗigon nan, wallahi kuka ya yi, bai ko ɓoye ba.

Bayan azahar kamiyo, babbar motar soja, ya iso, shaƙe da buhuna. Wani hafsa ya diro, ya dubi jama'a, ya dubi zauren, ya danna yatsa a bango. Yatsan ya nutse.

"Lalle! Ƙasa na ƙishi, ku har da ruwan gyaran gida? Akwai waɗanda suka fi ku buƙata."

Lawali ya bi shi yana rantsuwa har hularsa ta faɗi, amma ina! Kamiyo ya ɗauki hanyar arewa, ko buhu ɗaya bai sauke ba.

Na Allah ya zauna a gindin bangon, laka na bushewa a hannunsa. Zara'u ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, ruwan jiƙa anzar yara ne fa na ba ka."