Layin da Baba Fenti Ya Zana

Baba Fenti ake ce masa, don tun yana saurayi bangon gidajen mutane yake shafa wa fenti. Bai taɓa zana ko kaza ba sai da ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu. Da kwanciya ta ishe shi, ya sa Auta, 'yarsa da ke jinyarsa tun rasuwar uwarta, ta jawo masa ragowar gwangwanaye daga ƙarƙashin gado, ya fara shafe-shafe a kan guntun falanki.

Ba wanda ya koya masa, kuma da gani ka sani. Mutanen da yake zanawa kai kamar tulu, hannaye har gwiwa.

"Baba, wannan kyanwa ce ko saniya?" in ji Auta.

"Ke dai kawo kananzir in wanke buroshi. Da ganinta kin san ta ƙoshi."

A shekarar aka rushe layinsu don faɗaɗa titi. Maƙwabta suka watse, kowa ya kama gabansa. Su kuma suka koma ɗaki biyu a bayan wani gareji, inda ƙarar guduma ba ta yankewa. Nan ya roƙi kafinta ya haɗa masa katako mai faɗin ƙofa, ya jingina shi da bango, ya shiga zana layin gida bayan gida: shagon tela da kekensa a waje, famfon da kullum yake yoyo, bishiyar da mai aski ke zama a gindinta.

Labari ya bazu, tsofaffin maƙwabta suka riƙa zuwa. Tela ya yi ƙorafin an ba shi tumbi. Mai aski ya ce bishiyarsa ta fi haka inuwa. Wata rana mai wanki ta zo, ta daɗe a tsaye gaban katakon. Can ta nuna ƙofar gidanta da yatsa.

"Yaya, ka sa min ɗana a nan. Ba ni da hotonsa ko ɗaya."

Ɗan nata ya rasu tun kafin rusau. Baba Fenti ya zana shi zaune a dakali da jar riga, kunnuwa fato-fato. Bai yi kama da shi ba ko kaɗan, Auta ta sani, amma matar ta shafa wurin tun fentin bai bushe ba, ta tafi da ja a tafin hannunta.

Gidansu ya bari sai ƙarshe, wai gwani ba ya fara cin nasa rabon. Kafin ya kai kan gidan, yanar ido ta rufe masa gani. Da farko ya daina bambance shuɗi da kore, daga baya har gwangwanin sai ya lalubo. Likita ya duba ya ce an makara.

Duk da haka wata safiya ya ce a zaunar da shi gaban katakon. Auta ta tsoma masa buroshi, ta ɗora hannunsa a filin da ya rage. Hannun ya zame. Tana kallo ya zana ƙofarsu a kan rufin tela, tagarsu ta hau bishiyar mai aski, ya kuma sa wani farin ɗigo a gefe.

"Ga uwarki nan tana shanya. Ta fito?"

Auta ta dubi ɗigon. "Ta fito, Baba."

"To, madalla. Wanke buroshin kada ya ƙame."

Bai sake taɓa fenti ba, kuma bai ga ƙarshen damina ba. Bayan an share makoki, mijin yayarta ya zo da mota a kwashe kaya, ya ce katakon ba zai shiga ba, a bar wa masu gareji. Auta ba ta yi musu da shi ba. Ta naɗa gammo, ta ɗora katakon a ka, ta bi bayan motar a ƙafa.