Auta a Gaban Likita na Huɗu

…kuma ga ka nan kana murmushi. Auta, ƙanina, ka zauna gaban likita tsaf kamar mai neman aiki. "Ina barci lafiya lau, ranka ya daɗe." Lafiya lau! Kwana shida idonka bai rufu ba, ni da Mama muke karɓa-karɓar gadin ƙofarka.

Likita na huɗu ke nan. Na farko ya ce zazzaɓi ne ya hau kai. Na biyu ya ce damuwa ce, ya ba ka ƙwayar da ta sa ka yi ta rabon kayanka a titi kana dariya. Na uku ya ce shaye-shaye... kai da ko hayaƙin taba ba ka iya shaƙa! Aka gwada fitsari, fes. Kowa ya raɗa wa abin suna, mu kwashi takarda mu koma gida da kai.

Wayoyin mutane goma sha ɗaya ka farke a shagon gyaranka — wai akwai mai magana a ciki. Wannan da sauƙi. Shekaranjiya 'yarka ka ɗauka, 'yar wata takwas, ka kara kunne a cikinta... sukundireba na hannunka. Har yanzu ina jin ihun matarka. In likitan nan ya sallame ka yau, gidan nan za ka koma. Tsoro nake ji, Auta, tsoronka nake ji.

Alƙalaminsa ba ya sauri. Na san irin wannan rubutun: a je a huta, a dawo bayan wata guda. To me zai gani? Farar riga a goge — ni na goge ta. Ni na kai ka aski, na yanke maka farce, na dirje rubutun da ka cika damtsenka da shi. A mota ma ni ce na ce, "Don Allah ka natsu, kar ka ba mu kunya." Ka kuwa ji maganata, kullum kana jin maganata. Sau huɗu... sau huɗu ina wanke ciwon da hannuna, in kawo musu mai lafiya su duba?

"A dangi akwai wanda ya taɓa yin irin wannan?"

"Babu," in ji Mama, tun bai rufe baki ba.

Babu? Ɗakin baya fa? Kwaɗo ta waje, kwano ta taga, Baba yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya... shekara uku muna ce wa baƙi ya yi tafiya. Kai lokacin kana goye.

Ƙafar Mama a kan tawa, tana dannawa. Ba ta kalle ni ba. Tsohuwar nan ta sha wuya, in na buɗe baki na tsiraita ta gaban bare. In na yi shiru kuma —

Ya rufe fayil. Yana miƙo takardar. Ya Allah, hannuna ne ma ya riga na kowa tashi zai karɓa...