Kai Ƙasa, Baban Lovelyn

Mijina Othniel, wanda duk Samaru ke kira Baban Lovelyn, mutum ne da bai iya sunkuyar da kai ba. Ya yi koyarwa a firamare har ya yi ritaya, daga nan ya riƙe mawaƙan cocinmu, kullum haɓa a sama, ido a kan jama'a. To, wannan bawan Allah ne likita ta ce ya kifa fuskarsa ƙasa, dare da rana, har sai ta ce ya isa. Ni kuma aka ɗora wa gadinsa.

Idonsa na hagu ya mutu tun 'yarmu Lovelyn tana goye. Wani baƙin labule ne ya sauko masa ta gefe, aka ba shi maganin ɗigawa, aka ce ya yi haƙuri, shi ke nan. Da na dama kaɗai ya yi ta rayuwa. Sai ran nan muna karyawa ya ajiye cokali ya ce, "Maman Lovelyn, labulen nan ya dawo." Har yau ban san inda na ajiye kofin kunun da ke hannuna ba.

A asibiti muka samu Dakta Oluoma, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ta fi tawa. Ta haska idon ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce can cikin ido ta baya akwai wani tantani siriri, shi ke ɗaukar gani, to na Baba ya yage ya fara ɓallewa kamar yaɓen siminti a bango. Ta ce a da in haka ta faru sau da yawa sai dai haƙuri, amma yanzu suna shiga cikin idon da kayan aiki masu sirantar allura, su like yagewar da wani haske mai zafi, su cika idon da kumfar iska. Kumfar ce za ta danne tantanin har ya manne.

"Amma kumfa sama take tashi, Mama," in ji ta. "In fuskarsa na kallon ƙasa, za ta danne daidai inda muke so. In yana ɗaga kai, ta bar wurin, aikin ya lalace. Kuma kin san ba shi da wani idon a ajiye."

Na ce, "Likita, kin san wa kike ba wannan umarni kuwa?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

An yi aiki lafiya, muka dawo gida yana tafe yana kallon ƙafafunsa kamar ango. Kwana na farko wuyansa ya sanƙare, bayansa ya ƙage, yana ta mita cikin filo. Washegari sai ga Malam Uba a Keke Napep da wani dogon abu ɗaure a sama. Malam Uba kafinta ne a Sabon Gari, abokinsa tun suna 'yan makaranta, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Abin da ya kawo wani gado ne siriri, ya yanke rami a wajen kai ya naɗe bakinsa da soso, daidai faɗin fuska.

Ya kwantar da Baban Lovelyn a kai rub da ciki, ya ja baya yana shafa gemu. Ya ce, "Allahu akbar! Tun muna yara nake cewa ka zo ka sa goshi a ƙasa ka ƙi. Ashe likita kake jira."

Daga cikin ramin muka ji murya: "Uba, ka gode wa Allah an hana ni tashi."

"Ai shi ya sa na zo yau," in ji Malam Uba.

Gado ya yi, amma bai magance babbar matsalata ba, wato 'yan dubiya. Kun dai san mu. Mutum ba zai yi ciwo a bar shi ya huta ba. Zumuntar matan coci, tsofaffin ɗalibansa, maƙwabta, har 'yan jami'a masu haya a bayanmu. Kowa ya yi sallama, sai in ga ƙeyar mijina ta motsa, don a wurinsa rashin kunya ne a gaishe ka ka amsa wa ƙasa. Na ja kujera na zauna a wajen kansa, tafin hannuna a ƙeyarsa. Da an ce "Ina wuni, Baba?" sai in ce "Kai ƙasa, Baban Lovelyn!" Har yaran unguwa suka ɗauka suna yi wa junansu.

Bibiana, matar ƙanensa, ta shigo ta same shi kife ba motsi, an rufa masa zane, sai ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Ya zabura zai tashi, na danne shi da hannu biyu. Na ce, "Ke Bibiana, da ransa! Ki yi mana shiru, ko ki koma garinku Bomo!" Ta yi fushi, daga baya ta aiko da zogale.

Ranar Lahadi ce ta fi muni. Bayan an tashi daga sujadar coci mawaƙa suka zo gaba ɗayansu, har da gangunansu da kacau-kacau, wai za su ƙarfafa shi. Suka cika falo suka tada waƙa. Da farko lafiya lau, ina jin yana bi a hankali cikin ramin. Sai Japheth, mai babbar murya, ya shiga baitin kafin lokaci, kuskuren da suka daɗe suna faɗa a kai. Ina ɗauko ruwa a lokacin. Na juyo na ga mutumin nawa ya dafa gado ya ɗago, hannu a sama yana ba da kiɗa.

Ban san na yar da kofin ba. Na ce, "Othniel!" Sunan da ban taɓa kira a gaban mutane ba. Waƙa ta tsaya cak. Na ce da su, "Kun gama? Mun gode, Allah ya saka. Ido ɗaya gare shi, ba zan bari ya salwanta a kan baitin Japheth ba. Ku tashi!" Suka fice sum-sum, wasu ko takalmi ba su sa daidai ba.

Na dawo na shirya faɗa. Amma na tarar ya koma ya kife. Na share fasasshen kofi, na zauna. La'asar ta yi, ko abincin da na tura masa ƙarƙashin gado bai taɓa ba.

Can ya ce, "Clara." Shi ma ba ya kiran sunana sai magana ta kai magana.

"Ina jin ka."

"In bai manne ba fa?"

"Zai manne."

"Na ce in bai manne ba. Wancan karon na idon hagu, ban san ganin ƙarshe ke nan ba. Wannan kuwa, abin da na gani na ƙarshe fitilar ɗakin tiyata ce. Tun da muka dawo komai dishi-dishi, kamar an tsoma ni a ruwa. Sai abin da na kawo daf da ido, irin yatsana, shi nake gani tar." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki bar ni in ɗaga kai sau ɗaya in dube ki. Ko yaya ne. In ya so abin da zai faru ya faru."

Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ƙofar ɗakin tiyata. Mawaƙa zan iya kora, Bibiana zan iya yi wa tsawa. Wannan kuwa da me zan hana shi? Ina ganin gwiwar hannunsa ta fara tokare gado.

Na ce, "Kada ka motsa. In ka motsa, wallahi ni da kai ne."

Ni da gwiwoyina mun daɗe ba ma shiri, ko durƙuson addu'a a kujera nake yi. Na kwaso filon kujerun falo na jera ƙarƙashin gadon Malam Uba, na dafa bango na sauka, ƙasusuwa na ƙara ƙas-ƙas. Na kwanta rigingine na ja jiki, ɗankwali ya zame, kaina ya bugi katako. Na ƙara filo har hancina ya kusa taɓa nasa.

Na ce, "To ga ni. Duba."

Ya ƙura mini ido. Idon ja ne, a kumbure, yana yawo a hankali daga goshina zuwa haɓata. Sai wani ɗumi ya ɗigo mini a kumatu.

Ya ce, "Yaushe kika yi furfura a gira?"

Na ce, "Tun ranar da na aure ka."

Muka yi dariya, muka yi kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Ina son mutumin nan, da taurin kansa da komai. A nan Malam Uba ya same mu da ya zo duba ko soson ya yi laushi. Ya leƙa ya ga ƙafafuna sun fito ta ƙarƙashin gado, ya ce, "Innalillahi! Maman Lovelyn, ai na mutum ɗaya na ƙera." Sai da ya kira Bibiana suka ciro ni.

Daga ranar, kullum bayan la'asar nakan shiga ƙarƙashin gadon nan in ba shi labarin unguwa. Bai sake ɗaga kai ba, ko da Japheth ya dawo ba da haƙuri.

Da muka koma asibiti, Dakta Oluoma ta haska idon ta daɗe tana dubawa. Sai ta kashe fitila ta ce, "Ya manne, Baba. Kumfar za ta riƙa raguwa da kanta, gani na dawowa a hankali. Za ka iya ɗaga kai." Ta dube ni ta ce, "Mama, yaya kika yi da shi? Wasu matasa ma ba sa jurewa."

Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ɗago a hankali, wuya a sanƙare, ya lalubo hannuna.

Ya ce, "Likita, me zan nema a sama? Abin da nake son gani a ƙasa yake."