Taku Biyu na Hanya

A bugun guduma na uku katangar ta tsage. Magini ya tsaya yana haki, ƙurar siminti ta yi masa furfurar dole. Katangar gidansa ce, kuma shi ya gina ta.

"Lafiya, maƙwabci?" in ji mai shagon da ke fuskantar gidan. "Ko rana ce ta taɓa ka?"

"Hanya nake mayar wa abinta."

Shekara ashirin yana gini a layin nan, kuma kowane mai gida sai ya raɗa masa: "Ɗan turo mini ita waje taku ɗaya, wa zai sani?" Yakan turo. Da ya zo kan tasa, taku biyu ya ci. Ranar da ma'aikaciyar tsara gari ta shimfiɗa musu taswira, ta ce layin nan na mota biyu ne, shi ya fi kowa dariya.

*

Yanzu sau biyu a mako ake kai matarsa wankin ƙoda, mota kuwa a bakin titi take tsayawa. Goya ta yake yi, su bi ta tsakanin katangun da ya turo.

"Baban yara, sauke ni ka huta," takan ce.

Ba nauyinta ke damunsa ba, don ciwo bai bar mata nauyi ba. Kunya ce ke cinsa.

Ya je ofishin tsara gari ya karɓo taswirar, ya bi gida goma sha ɗayan da ke tsakaninsa da titi. "Ni na turo, ku bari in mayar. Yau tawa ce, gobe motar kashe gobara za ku nema." Wasu suka yi mata addu'ar samun sauƙi, suka tura ƙofa. Tsohon malamin makaranta ne kaɗai ya dubi takardar. "Fara da taka mu gani," ya ce.

*

Cikin kwana huɗu ya gama mayar da tasa katangar. Da safe ya fito da ita a baya, sai ya tarar da bulo jere a filin da ya saki, har sahu biyu.

"Na ga wuri ya samu," in ji mai shago, yana murmushi. "In ka dawo ka ɗan ɗora mini."

Magini ya dubi bulon. Matarsa ta kai baki kunnensa.

"Ina gudumar?"

"Tana bayan ƙofa."

Ya gyara goyon, ya karkata, ya wuce a gicciye, ƙafarta da ta kumbura tana gogar sabon bulo.