Abin Maƙale Hijabin Yasmin

"Maman, in na mutu, da na'urar za a binne ni, ko za a ciro ta a ba wata yarinya?"

A cikin bas Yasmin ta yi tambayar, suna kan gada, sun taso daga asibitin zuciya a Treichville za su koma gida Adjamé. Wata tsohuwa da ke gefe ta ja salati. Zalihatu ta gyara wa 'yarta hijabi, ta ce a hankali, "Ai don kada a kai nan aka saka miki ita. Rufe bakin nan, ƙuda zai shiga."

Shekarar Yasmin goma sha ɗaya. Yayarta Laila ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta shekara biyu da suka wuce, ba ta ƙara tashi ba. Bayan an share makoki Zalihatu ta ja hannun wadda ta rage mata zuwa wurin likita. Ya ce ciwon na gado ne: zuciya takan rikice haka kawai, ko don firgita, ta daina tura jini. Aka yi wa Yasmin aiki, aka saka mata na'ura kamar gidan ashana ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya ta hagu. Da zarar zuciyar ta rikice, na'urar za ta buga mata wuta ta dawo da ita hanya.

Zalihatu ta haddace duk abin da likita ya faɗa. Magani kan lokaci. Ban da sa waya a aljihun ƙirji. Babbar doka kuwa, maganaɗisu kada ya kusanci wurin, domin yana sa na'urar ta dakata. Shi ya sa ta hana Yasmin zuwa rumfar babanta Nomau a kasuwar Black Market, inda yake gyaran lasifika.

"Haba Zali, ko ta zo ta gaishe ni daga bakin titi?" in ji shi.

"Baban Yasmin, kai ka zo gida a gaishe ka. Kuma ka zazzage aljihunka kafin ka shigo."

"To, madame la douane, uwar kwastan."

Abin da ya hana ta sukuni shi ne fil ɗin hijabi. Yasmin ba ta zama wuri ɗaya, kuma daidai kan tabon aikin ake kafe gefen mayafin. Wata rana tsinin ya karce ta har jini ya ɗan fito. Washegari, a hanyarta ta dawowa daga cefane a Marché Gouro, Zalihatu ta ga mai tebur na sayar da wasu 'yan maɓallai masu ƙyalli, biyu-biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, su kama yadi ƙam ba tsini. Ta saya kala uku. A ranta maganaɗisu shi ne baƙin ƙarfen nan mai nauyi na bayan lasifika. Wannan kayan ado ne, kamar ɗan kunne. Da hannunta ta maƙala wa yarinyar, ta ji daɗi ta raba ta da allura.

Ran Asabar da hantsi suna tafe a unguwar Bracodi za su gidan suna. Yasmin na gaba, tana lasar yatsu bayan ta ci alloco, soyayyar ayaba. Wata gbaka, ƙaramar bas ta haya, ta taso ta bayansu, direba ya danna oda daidai kunnenta. Ta zabura, ta juyo kamar za ta yi magana, sai ta sulale ƙasa.

Zalihatu ba ta yi ihu ba. Ta sha shirya wa wannan rana a zuciyarta. Ta buɗe hannuwa ta tare mutanen da suka taso.

"Ku ja baya! Kada wanda ya taɓa ta! Tana da na'ura, yanzu za ta tashi."

Ta fara ƙirga a ranta. Likita ya ce 'yan daƙiƙu ne. Ta kai ashirin, ta kai sittin, ta sake daga farko. Leɓɓan Yasmin suka soma yin duhu.

"Ke 'yar nan, matsa!" Hajo ce, dattijuwa mai sayar da koko a bakin layin.

"Inna, don Allah ki bari, an ce kada..."

"An ce, an ce! Yarinya na mutuwa kina gadinta kamar soja?"

Hajo ta ture ta, ta durƙusa, ta fizge hijabin ta yi jifa da shi don ta yayyafa mata ruwa. Tana cikin kwance bakin ledar ruwan, jikin Yasmin ya yi tsalle sau ɗaya. Can sai ta ja numfashi mai ƙara.

A Treichville likita ya ɗora wani abu a ƙirjin yarinyar, na'urar ta zayyano masa duk abin da ya faru a kwamfuta. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko akwai wani abu da take sawa a nan wurin. Zalihatu ta ce babu, sai hijabi, ta miƙa masa wanda aka tsinto mata. Ya karɓa, ya kai maɓallin kusa da almakashinsa, almakashin ya manne.

Bai yi mata faɗa ba. "Yako, madame," kawai ya ce, wato sannu, sannan ya nuna mata a allon. Kwana goma sha tara ke nan, duk lokacin da maɓallin ya sauka kan tabon, na'urar takan dakata. Ya ƙara da cewa ko da na'ura ko ba na'ura, in yaro ya faɗi ba ya numfashi, a danna masa ƙirji. Ya faɗa mata wannan tun farko. Ta tuna sarai. Ta dai yarda da na'urar fiye da hannunta.

Yasmin ta rayu, amma mintunan da ƙwaƙwalwarta ta yi ba jini sun tafi da wani abu. Hannunta na dama ba ya riƙe biro sosai, kuma takan tsaya tsakiyar magana tana laluben kalma. An mayar da ita aji ɗaya baya. Nomau bai taɓa ce wa matarsa laifinki ne ba. Da ya faɗa, da ta sami wanda za ta ba haƙuri.

Ke da ɗanki ko 'yarki ke ɗauke da irin wannan na'ura, tashi yau ki zazzage kayansa. Maɓallin hijabi, murfin jaka, rigar wayar hannu, abin wasa, duk abin da ke mannewa da kansa, gwada shi da allura. In ya ja ta, kada ya kusanci ƙirjin da ƙasa da taƙi guda. In kuma yaron ya faɗi ba ya numfashi, kada ki tsaya ƙirga. Buɗe masa ƙirji, ki sa a kira taimako, ki danna.